Yadda Ake Tsaftace Bangon Katako a Banɗaki Ba Tare da An Rage Masa Kwana Ba

Bangon katako a banɗaki yana da kyan gani, kuma yana ba ɗakin wani ɗumi da tayil ba ya bayarwa. Sai dai an kafa shi ne a ɗakin da ya fi kowane ɗaki ruwa a gida, shi kuwa katako ko da an sare shi an fere an busar shekara da shekaru, bai daina shan ruwa ba. Idan iska ta yi laima sai ya zuƙa ya kumbura, idan ta bushe ya saki ya tsuke. Wannan kumburi da tsukewa su ne ke buɗe tsagi tsakanin alluna, su fasa fenti, su ba ruwa ƙofar shiga. Wanda ya ɗauki bokiti da soso ya hau wanke bangon katako yadda ake wanke tayil, a ganinsa tsafta yake yi, alhali kuwa kwanan bangon yake ragewa.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, ba katakon ake wankewa ba, abin da aka shafa masa ake wankewa. Fenti ne, ko banish, ko mai, ko kaki (irin kakin zuma), wannan siririn shafin shi ne ke tsakanin itacen da ruwa. Muddin shafin yana nan lafiya, datti a samansa yake zama, tsumma mai ɗan danshi ya isa ya ɗauke shi. Ranar da aka kankare shi da soso mai kaushi ko aka cinye shi da sinadari mai ƙarfi, daga ranar datti da ruwa cikin itacen suke shiga, kuma babu sabulun da zai bi su can ya fito da su.

Fara da sanin abin da ke jikin bangonka

Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke raba aikin da zai yi kyau da wanda zai jawo ɓarna. Tambaya biyu ce: wane irin katako ne, kuma me aka shafa masa?

Akwai allunan itace tsantsa, waɗanda galibi ake harɗa su da juna, bakin wannan ya shige kwarmin wancan. Akwai filawud da aka lulluɓe fuskarsa da siririn ɓawon itace mai kyau, wanda kaurinsa sau da yawa bai kai milimita 1 ba, don haka ba ya jure samfefa mai yawa. Akwai MDF, wato garin itace da aka haɗa da gam aka danne ya zama allo. Shi ne ya fi kowanne tsoron ruwa: idan ruwa ya shiga gefensa ya kumbura, ba ya komawa yadda yake ko da ya bushe. Akwai kuma allunan roba na PVC da aka yi wa zanen katako, waɗanda ruwa ba ya cin jikinsu, ko da yake datti da fumfuna na taruwa a mahaɗarsu. Idan ana son ganewa, a duba wurin da aka yanka allon, kamar bayan murfin makunnin wuta ko inda bututu ya ratsa bango.

A cikin itace tsantsa ma akwai bambanci. Itatuwan tik da iroko da sida suna da juriyar danshi ta halitta. Itacen fayin yana da laushi, yana saurin shan ruwa da karcewa. Itacen ok yana da ƙarfi, amma yana ɗauke da sinadarin tanin mai yawa, wanda idan ya haɗu da ƙarfe da ruwa yake barin baƙin tabo. Za mu dawo kan wannan.

Shi kuwa shafi, a gwada shi a wani lungu da ido ba ya kaiwa, misali bayan ƙofa. A ɗiga ruwa ɗigo biyu ko uku, ko a manna jiƙaƙƙiyar auduga na ɗan lokaci. Idan ruwan ya dunƙule ya gangara bai bar alama ba, shafin yana aiki. Idan wurin ya yi duhu, itacen ya sha, ma'ana shafin ya ƙare ko kuma dama ba a yi shi ba. Bango irin wannan ba wanki yake buƙata ba tukuna, sabon shafi yake nema. Daga nan a jiƙa auduga da sifirit a taɓa wani wurin daban. Idan ya yi danƙo ya fara narkewa, shelak ne, wato wani irin shafi mai ƙyalli da sifirit ke narkarwa, kuma dole a nesanta shi da duk abin da ke da sifirit a ciki, har da turare. Idan bai motsa ba, mai yiwuwa banish ne na foliyuritan ko makamancinsa, wanda shi ne mafi juriya. Katakon da aka shafa wa mai ba ya walƙiya sosai, kuma idan ka shafa da yatsa za ka ji jijiyar itacen. Wanda aka shafa wa kaki, farce na kankaro ɗan abu mai laushi daga samansa.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Tsumma mai laushi guda uku, irin na maikurofaiba ko tsohuwar rigar auduga mai tsabta: ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraya, ɗaya na busarwa. Bokiti biyu. Sabulun ruwa na wanke-wanke marar ƙarfi. Buroshin fenti busasshe mai laushi, da tsohon buroshin haƙori. Tsohon tawul da za a shimfiɗa a gindin bango. Safar hannu.

Abubuwan da za a ajiye gefe sun fi muhimmanci. Soson ƙarfe yana karce shafi, kuma yana barin ƙananan ɓurɓushin ƙarfe da za su yi tsatsa a cikin danshi. Farin soson nan na melamin da ake yabawa wajen goge tabo, a gaskiya kankara yake yi a hankali, yana dusashe ƙyallin banish. Hodar goge-goge haka take. Injin wanki da tururi yana tura zafi da ruwa cikin mahaɗar alluna, wato daidai abin da ake gudu. Maganin wanke masai da na tayil an yi su ne don abin da ya fi katako tauri nesa ba kusa ba. Sai kuma man feshin nan na ƙyalli mai silikon a ciki: yana sa bango sheƙi na kwana biyu, amma yana barin santsin da ke hana sabon banish kamawa ranar da aka tashi sabuntawa. Ni dai ban ga amfaninsa a banɗaki ba.

Wankin kansa

Mataki na farko, a kwashe duk abin da ke rataye ko jingine da bango: tawul, madubi idan yana ciruwa, kwandon kayan wanki, kwalaben shamfu. A buɗe taga, a kunna fanka. Idan akwai soket ko makunni a jikin allunan, a kashe wutar wurin kafin a kusance shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Na biyu, a share ƙura a bushe, daga sama zuwa ƙasa. Kada a raina wannan. Ƙurar banɗaki ba ƙasa ba ce kawai, akwai zaren tawul da na takardar masai, da hoda, da ɓurɓushin fata, kuma wannan haɗin shi ne abincin fumfuna. Idan aka sa ruwa kafin a share ta, sai ta zama caɓi ta shige cikin tsagi. A bi kowane kwarmi tsakanin alluna da busasshen buroshin fenti, ko da bakin injin zuƙe ƙura mai gashi. A duba saman katakon da ke rufe kan allunan idan bangon rabi ne, domin nan ƙura ta fi kwanciya.

Na uku, a haɗa ruwa. Ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, kamar lita 4, da sabulun ruwa ƙaramin cokali ɗaya. Idan kumfa ta cika bokiti, sabulun ya yi yawa, kuma ragowarsa a jikin bango ita ce za ta riƙe sabon datti. Bokiti na biyu ruwa ne zalla.

Na huɗu, a tsoma tsumma a matse shi sosai, har ya zama ko an ƙara murɗawa ba abin da ke ɗiga. A goge wuri kaɗan, kamar faɗin allo uku ko huɗu da tsawon hannu, ana bin jijiyar itacen, ba a tsallaka ta ba. Dalili shi ne datti a cikin ƙananan layukan jijiyar yake maƙalewa, kuma ko da an ɗan karce, karcen da ya bi jijiya ba ya fitowa fili. Nan take a bi da tsumman ɗauraya, shi ma a matse, sannan a bi da busasshe. Sai a matsa gaba. Kada a jiƙa bango gaba ɗaya a ce a dawo a busar daga baya. Ruwan da ya zauna minti biyar a mahaɗar alluna ya riga ya sami hanya. Kada kuma a fesa ruwa kai tsaye a bango. Idan da kwalbar feshi ake aiki, a fesa wa tsumman.

A fara daga sama a sauko, ana lura da duk ɗigon da ya gangara a share shi kafin ya yi layi. Ruwan bokiti da ya fara duhu a canza shi.

Na biyar, tsagi da kusurwa. A naɗe tsumma a kan farce ko a kan wani siririn abu na roba a bi kwarmin da shi. Inda datti ya daskare, a taɓa da buroshin haƙori mai ɗan danshi, a hankali, a share nan da nan.

Gindin bango ya cancanci a tsaya a kansa. Itace a cikinsa wasu siraran bututu ne da suka bi tsawonsa, kamar damin kara da aka ɗaure, waɗanda da su bishiya ke jan ruwa daga saiwa zuwa ganye lokacin da take raye. Inda aka yanke allo, bakin waɗannan bututun a buɗe yake, shi ya sa ƙarshen allo ke shan ruwa ninkin-ba-ninkin abin da fuskarsa ke sha. A bangon da allunansa ke tsaye, wannan yankakken bakin yana kallon ƙasa, daidai inda ruwan wanka da ruwan goge daɓe ke taruwa. Kusan duk ruɓewar bangon katako daga nan take farawa. Saboda haka duk lokacin da za a wanke daɓen banɗaki, kada a kwarara ruwa ya kwanta a jikin allunan, kuma bayan an gama a bi gindin da busasshen tsumma. Kafinta mai lura yakan bar ɗan tazara tsakanin ƙarshen allo da daɓe, ya shafe yankakken bakin da banish kafin ya kafa. Idan naka bai yi ba, a sa shi cikin abin da za a gyara.

Irin wannan cikakken wankin sau ɗaya a wata ya wadatar a yawancin gidaje. Share ƙura da goge wuraren da ruwa ke fantsama kuwa, kowane mako.

Tabo iri-iri, kowanne da maganinsa

Farin dattin da ke taruwa kusa da shawa da wurin wanke hannu haɗuwar sabulu ce da kalsiyam da magniziyam da ke cikin ruwa. Inda ruwan famfo ke da waɗannan ma'adanai da yawa, ya fi saurin taruwa. Ruwan khal yana narkar da shi saboda tsaminsa. Na kasuwa yawanci kashi 5 cikin 100 ne na asid. A surka kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu, a jiƙa tsumma, a goge, a ɗauraye, a busar, duk cikin minti ɗaya ko biyu. Wannan na bangon da ke da fenti ko banish mai ƙarfi ne. A kan kaki ko shelak yana dusashe su, don haka a gwada a ɓoye tukuna. Idan kuma akwai dutsen marmara a kusa, a kiyaye, tsami yana cin sa.

Man goge baki da ya fantsama a bari ya jiƙa da tsumma mai ɗumi na ɗan lokaci sannan a ɗauke, kada a kankare shi a bushe, domin yana da ɗan kaushi a cikinsa. Feshin gashi yana barin danƙo a bangon da ke bayan mai tsayawa gaban madubi, ruwan sabulu mai ɗumi yana cire shi idan ba a bari ya daɗe ba. Maganin cire jan farce yakan ƙunshi asiton, wanda ke narkar da shafi da yawa cikin daƙiƙoƙi. Idan ya zuba, a ɗora tsumma ya tsotse, kada a goga, gogawa ce ke faɗaɗa ɓarnar.

Bangon da ke gefen masai da bayansa yana samun fantsamar fitsari ko da ba a gani, kuma shi ne sau da yawa tushen warin da ake rasa inda yake fitowa. Fitsari idan ya daɗe yana sakin amoniya, ita kuwa tana lalata shafi, tana kuma duhunta itace mai tanin. A goge wurin da ruwan sabulu duk mako. Idan warin ya ƙi tafiya bayan wanki, ya riga ya shiga itacen, sai an goge da samfefa an sake shafi.

Akwai tabon ruwa iri biyu, kuma launinsu ne ke faɗin zurfinsu. Fari mai kama da hazo yana nufin danshi ya maƙale a cikin shafin bai kai itace ba. Sau da yawa yana ɓacewa da kansa idan ɗakin ya bushe, ko a taimaka masa da na'urar busar da gashi a ƙaramin zafi, ana kaɗa ta daga nesa kaɗan, ba a tsayar da ita wuri ɗaya ba. Baƙi ko ruwan toka mai duhu kuwa yana nufin ruwa ya ratsa ya kai itacen. Idan ya zagaye kan ƙusa ko maratayin tawul, tanin ne ya haɗu da ƙarfe. Wanki ba ya cire wannan. Sai an cire shafin wurin, a shafa asid ɗin okzalik da ake sayarwa don haskaka katako, a bi umarnin da ke jikin kwalinsa, a ɗauraye, a bari ya bushe sarai, a sake shafi. Guba ne, don haka da safar hannu da kariyar ido, kuma a yi hattara da ƙurarsa idan za a bi da samfefa. Sannan a canza ƙusar da wadda ba ta tsatsa, in ba haka ba tabon zai dawo.

Fumfuna

Ɗigo-ɗigon baƙi ko kore a kusurwar sama, a bayan tawul, ko a cikin tsagi, tare da warin rima, fumfuna ce. Ƙwayoyinta suna yawo a iskar kowane gida, abin da suke jira kawai danshi. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a busar da duk abin da ya jiƙe cikin awa 24 zuwa 48 don kada ta kama, kuma a riƙe laimar cikin gida ƙasa da kashi 60 cikin 100, mafi kyau tsakanin 30 da 50. Ta kuma ce idan wurin da ta kama bai kai kimanin murabba'in mita 1 ba, mai gida zai iya yi da kansa. Abin da ya fi haka, a nemi masu aikin.

Kafin a fara, a sa safar hannu da takunkumi irin N95, a buɗe taga, a rufe ƙofar da ke shiga sauran gida. Mai asma ko mai raunin garkuwar jiki kada ya yi wannan aikin, wani ya yi masa. Kada a goge fumfuna a bushe, ƙwayoyinta tashi suke a shaƙa. A goge da ruwan sabulu da tsumma mai danshi, a bi tsagi da buroshin haƙori, a ɗauraye, a busar da fanka. A kan bango mai lafiyayyen shafi wannan kaɗai yakan isa, domin a saman shafin take, tana cin datti. Idan ta yi taurin kai, a bi da ruwan khal, ko sifirit idan gwajin farko ya nuna shafin yana jure shi. Tsumman da aka yi aikin da shi a zubar ko a wanke shi da ruwan zafi shi kaɗai.

Mutane da yawa bilic, wato ruwan faranta tufafi mai kulorin, suke fara ɗauka. A kan tayil yana da amfani, a kan katako kuwa yana kashe launin itacen, yana raunana fuskarsa, kuma yana iya share baƙin da ake gani alhali saiwar na nan a ciki. Ga kuma gargaɗin da ba a wasa da shi: kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal, domin suna fitar da iskar kulorin mai guba. Kada a haɗa shi da amoniya, su ma suna fitar da iska mai cutar da huhu. Banɗaki ƙaramin ɗaki ne, iskar ba ta da inda za ta je sai ƙirjin mai aiki. Ko bi da bi ne, a ɗauraye wuri sosai kafin a kawo wani sinadari.

Kada a shafa fenti a kan fumfuna. Za ta ci gaba a ƙarƙashi, fentin ya ɓamɓare. Silikon ɗin nan mai kama da roba da ke toshe mahaɗar katako da baho ko wurin wanke hannu, idan baƙi ya shiga cikinsa ba ya fita, sai a yanke shi da wuƙa mai kaifi, a bar wurin ya bushe, a sa sabo irin na banɗaki.

Idan aka goge fumfuna ta dawo wuri ɗaya cikin 'yan makonni, ko ɗakin ba ya samun iska, ko kuma ruwa yana zuwa daga bayan bango.

Iska ita ce rabin aikin

A nan nake ganin ya kamata a fi sa ƙarfi, domin bangon da ke bushewa da wuri ba ya buƙatar wanki mai yawa. Tururin wanka idan ya taɓa bango mai sanyi yana komawa ruwa, ya gangara cikin tsagi. Sau ɗaya ba komai ba ne. Sau biyu ko uku kullum, shekara guda, shi ne ke kai danshin cikin itace matakin da ruɓa ke iya kama shi, wato daga wajen kashi 20 cikin 100 zuwa sama.

A kunna fankar zuƙe iska kafin a buɗe ruwa, a bar ta kamar minti 20 bayan an gama. Ƙa'idar gini a Ingila ta nemi fankar banɗaki ta iya fitar da aƙalla lita 15 na iska a daƙiƙa ɗaya. Gwajin gida mai sauƙi: a kanga takardar masai a fuskarta tana aiki. Idan ta riƙe takardar, tana ja. Idan ta faɗi, ko ƙura ta toshe ta ko ta gaji. A kashe wuta a cire murfin a wanke shi sau biyu a shekara. A tabbata kuma waje take kai iskar, ba cikin silin ba, domin in cikin silin ne an dai canza wa danshin wurin ɓarna ne kawai. Fanka ba ta iya fitar da iska idan wata ba ta shigowa, don haka a bar 'yar tazara a ƙarƙashin ƙofa. Inda babu fanka, a buɗe taga da ƙofa bayan wanka.

Sauran ɗabi'u ne ƙanana. A share allunan da ruwa ya fantsama da busasshen tsumma bayan wanka, aikin minti ɗaya ne. Kada a rataye jiƙaƙƙen tawul yana manne da katako. Maratayin da ya ɗan fito daga bango ya fi. Kada a jingina tsintsiyar goge daɓe mai ruwa a kusurwa. A buɗe labulen shawa ya miƙe don ya bushe. Ƙaramin ma'aunin laima da ake ratayewa yana nuna gaskiyar ɗakin: idan awa ɗaya bayan wanka yana nan sama da 60, iskar ba ta isa ba.

Cikin wurin shawa kansa, inda ruwa ke dukan bango kai tsaye, a ra'ayina ba wurin allon katako na gama-gari ba ne. Idan an riga an sa, a kare shi da gilashi ko a sauya wannan ɓangaren da tayil.

Sabunta shafi

A maimaita gwajin ɗigon ruwa sau ɗaya ko biyu a shekara, musamman kusa da famfo da gindin bango. Katakon da ake shafa wa mai ya fi saurin neman ƙari. A wanke, a bari ya bushe kwana ɗaya ko biyu, a shafa mai siriri da tsumma, a jira kamar yadda aka rubuta a gwangwanin, a share duk abin da itacen bai sha ba. Ragowar man da aka bari a sama danƙo take zama ta tara ƙura. Tsumman da ya sha man linsid ko makamancinsa yana iya kamawa da wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka jefa a kwando, saboda man yana fitar da zafi yayin da yake bushewa. A shimfiɗa shi a waje ya bushe, ko a nutsar da shi cikin ruwa a gwangwani mai murfi.

Banish da ya dusashe amma bai ɓamɓare ba, a bi shi a hankali da samfefa mai laushi, lamba 220, a share ƙurar sarai, a shafa siriri sau biyu, ana barin na farko ya bushe. Sabon shafin ya zama irin tsohon, domin banish ba ya kama wurin da ke da kaki. A bar banɗakin babu tururi har ya gama ƙarfi, ko da hakan na nufin a yi wanka a wani wuri na 'yan kwanaki. Idan bangon fenti ne kuma gidan tsoho ne, kada a sa samfefa kafin a gwada fentin, domin tsofaffin fenti da yawa suna ɗauke da dalma. Amurka ta haramta irinsa a gidaje a 1978, wasu ƙasashe kuwa sai bayan haka da daɗewa, kuma ƙurarsa tana da illa sosai ga ƙananan yara da masu juna biyu.

Inda tsumma ya daina aiki

A ɗauki sukundireba a danna bakinta a hankali a gindin alluna, da gefen baho, da bayan masai, da ƙarƙashin wurin wanke hannu. Lafiyayyen itace yana turjewa. Idan ƙarfen ya nutse ko itacen ya marmashe, ruɓa ta kama. Sauran alamun su ne allo ya bankare ya rabu da bango, fenti ya yi ƙuraje, gefen MDF ya kumbura, tabo yana ƙara faɗi ko da ba a yi wanka ba, ko a ga hanyar gara, domin danshi na jawo ta. Sau da yawa waɗannan suna nuna ruwa na zuwa daga baya, galibi daga bututu mai yoyo ko silikon da ya tsage. A kira mai gyaran famfo ya fara toshe yoyon. Sannan a cire allunan da suka lalace har da ɗan abin da ke gefensu, a bar bangon ciki a buɗe da fanka a kansa har ya bushe sosai, a shafe sababbin alluna gaba da baya da yankakkun bakunansu, sannan kafinta ya kafa su.